Na'urorin Tallafa wa Zuciya da Matsayinsu ga Mai Jego a Ƙasar Zamfara

Gabatarwa

Kalmar zuciya tana cikin kalmomin da Bahaushe ya fi ɗora wa kaya. A wurinsa ita ce mazaunin fushi da haƙuri da ƙauna da ƙeta. Yakan ce wane mai farar zuciya ne, wance ta yi zuciya ta koma gidansu, wane kuwa zuciyarsa ta mutu, alhali ga shi nan yana yawo a kasuwa. Ko da ya ambaci ciwon zuciya, sau da yawa ɓacin rai yake nufi. Wannan ya sa tsokar nan da ke bugawa a cikin ƙirji ba ta cika samun rabonta a zance ba. Idan kuwa ta gaza, sai a raɗa wa ciwon sunan abin da ido ya gani, a ce kumburi, ko haki, ko tari, ko sanyi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin wasu na'urori da aka ƙera domin su ɗauke wa zuciya aikin tura jini idan ta kasa, sa'an nan ta auna su da wani ciwo da ya yi katutu a ƙasar Hausa, watau gazawar zuciyar masu jego. An ɗauki Gusau da maƙwabtanta, Tsafe da Bunguɗu, a matsayin ma'auni, domin suna zaune ne tsakanin Zariya da Sakkwato da Kano, biranen da aka yi mafi yawan binciken wannan ciwo.

Aikin zuciya da gazawarta

Zuciya famfo ce mai ɗakuna 4, biyu a dama, biyu a hagu. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya sha iska. Ɓangaren hagu yana karɓo shi daga huhu ya harba shi cikin babbar jijiyar da ke rarraba shi ga ƙwaƙwalwa da ƙoda da sauran gaɓoɓi. Zuciyar babban mutum da ke zaune yana hutawa takan tura kimanin lita 5 a minti guda, watau fiye da lita 7,000 a kwana ɗaya. A ma'aunin ɗan garuwa, wannan ya kusa jarka 290 mai cin lita 25.

Mafi nauyin aikin yana kan ɗakin hagu na ƙasa. A kowane bugu, lafiyayyen ɗaki yakan fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ya cika shi. Idan tsokar ta raunana, sai ɗakin ya saki ya buɗe kamar tsohuwar salka, abin da yake fitarwa ya sauko zuwa kashi 30, ko 20, ko ƙasa da haka. Daga nan gaba ba ta samu ba, baya kuma ta cika. Jinin da ya kasa wucewa ya taru a huhu, ruwa ya tsattsafo, majiyyaci ya kasa kwanciya sai a jingine. Ƙafafu su kumbura, ciki ya ɗauki ruwa. Ita kuma ƙoda, da ta ji jinin da ke isowa gare ta ya ragu, sai ta shiga riƙe gishiri da ruwa, ta ƙara wa gajiyayyiyar zuciya kaya.

Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya haɗa majiyyata 1,006 daga ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya, ya nuna hawan jini ne sanadin kusan rabin wannan ciwo, kuma matsakaicin shekarun majiyyatan 52 ne. A Turai ciwon tsofaffi ne, a nan kuwa yana kama magidanci da ƙarfinsa. Mafi yawan masu fama da shi magani ke riƙe su, ba na'ura ba. Sai magani ya kai iyakarsa ake zancen na'ura.

Gazawar zuciyar masu jego

A cikin shekarun 1970, likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka lura da yawan matan da ake kawowa Zariya da kumburi da haki makonni kaɗan bayan haihuwa. A 1978 suka buga rahoto a kan mata 224. Sun ƙiyasta cewa a Zariya ciwon yana kama kusan mace 1 cikin 100 na masu haihuwa, kuma ya fi yawa wajen watan Yuli. Zarginsu ya sauka a kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40 ko fiye, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Hujjarsu ba ta da wuyar fahimta. Kanwa dangin gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa. Zafi kuwa yana buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ta ƙara gudu. Abin da unguwarzoma ta tanada domin korar sanyi, in ji su, shi ne yake danne zuciya.

A 1979 John Sanderson da abokan aikinsa suka duba irin waɗannan mata a Zariya da na'urar ɗaukar hoton zuciya, suka tarar da yawa daga cikinsu tsokar zuciyarsu tana matsawa yadda ya kamata, ruwa ne ya yi wa jiki yawa. Ke nan mai yiwuwa ciwo biyu ne suka ɓuya a ƙarƙashin suna ɗaya: na cikar ruwa, wanda magani kan sauke cikin kwanaki, da na raunin tsoka, wanda shi ne mai kisa. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar, Arnaud Cénac ya ba da rahoto a 1992 cewa jinin masu wannan ciwo yana da ƙarancin sinadarin seleniyam, abin da aka sake gani a Kano daga baya. A Sakkwato, wadda Zamfara ke ƙarƙashinta har 1996, Isezuo da Abubakar sun ƙididdige a 2007 cewa ciwon yana zuwa sau 1 cikin haihuwa 102. A Amurka adadin yana tsakanin 1 cikin 1,000 da 1 cikin 4,000.

Bincike mafi faɗi shi ne wanda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci 22 na Nijeriya tsakanin 2017 da 2018, aka buga sakamakonsa a 2020. Cikin mata 406 da aka rubuta, fiye da kashi 70 cikin 100 daga Arewa maso Yamma suka fito. Abin lura shi ne, da aka kwatanta su da lafiyayyun masu jego, wankan ruwan zafi da kunun kanwa ba su ne suka bambanta su ba. Abin da ya bambanta su shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin goyon ciki. Wannan bai wanke kanwa tas ba, domin gishiri ga zuciyar da ta riga ta raunana lahani ne ko daga ina ya fito. Amma ya nuna cewa an daɗe ana dukan al'ada, an bar talauci yana tsaye a gefe.

Yadda aka faro ƙera na'urorin

Ranar 6 ga Mayu 1953, a birnin Filadelfiya na Amurka, John Gibbon ya juya jinin wata budurwa mai shekara 18 zuwa cikin wata na'ura da ta yi aikin zuciya da huhu na minti 26, ya ɗinke wani rami da ke cikin zuciyarta. Daga ranar aka tabbata ƙarfe yana iya riƙe ran mutum na ɗan lokaci. A 1966 Michael DeBakey, a Jihar Teksas, ya jona wa wata mata mai shekara 37 famfo a wajen jiki bayan tiyata, ya yi mata aiki kwana 10, zuciyarta ta farfaɗo, aka cire shi, ta koma gida. A Disamba 1967 Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a asibitin Groote Schuur na Afirka ta Kudu, majiyyacin ya rayu kwana 18. Da dashe ya zaunu, sai wata buƙata ta taso: masu jira sun fi masu bayarwa yawa, me zai riƙe mutum kafin zuciya ta samu?

Wasu suka nufi cire zuciyar ɗungurungum a maye gurbinta. Denton Cooley ya gwada a 1969, na'urar ta riƙe majiyyaci awa 64 kafin dashe. A Disamba 1982 aka sa wa Barney Clark, wani likitan haƙori, zuciyar Jarvik-7 a Jihar Yuta. Ya rayu kwana 112 a ɗaure da wani inji mai hura iska, cikin wahalar da jaridun lokacin suka yi ta muhawara a kanta. Har yanzu ana kan wannan hanya, ga misali na'urar BiVACOR da aka fara sa wa mutum a 2024, amma masu ita kaɗan ne. Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce a bar zuciya a mazauninta a kawo mata mataimaki.

Fitattun mataimakan gajeren zango iri uku ne, kuma duk a ɗakin kulawa ta musamman ake amfani da su, na kwanaki ko makonni. Akwai balan-balan da ake zurawa ta jijiyar matsematsi zuwa babbar jijiya, tana kumbura tana sacewa daidai da bugun zuciya. Adrian Kantrowitz ya fara amfani da ita a 1967, ko da yake wani gwaji na Jamus a 2012 a kan mutum 600 bai ga ta rage mace-mace ba. Akwai Impella, ɗan siririn famfo a bakin bututu, wanda ake turawa har cikin ɗakin hagu. Akwai kuma ekmo, wadda ke janyo jini waje ta shayar da shi iskar oksijin ta mayar, jikanyar na'urar Gibbon ke nan.

Famfon ɗakin hagu

Na'urar da mutum zai iya komawa gida da ita ita ce wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan LVAD, watau famfon tallafa wa ɗakin hagu. Akan ji wasu suna kiran ta zuciyar roba, sunan kuwa bai dace ba ta fuska biyu: ba roba ba ce, ƙarfen titaniyam ne, ba kuma zuciya ba ce, domin zuciyar tana nan tana abin da za ta iya. Akan tsaga ƙirji a dasa bakin famfon a ƙasan ɗakin hagu, ya riƙa zuƙe jini yana zubawa ta bututu cikin babbar jijiya. Wata waya takan fito ta fatar ciki zuwa ga wata 'yar kwamfuta da ake ɗaurawa a ƙugu, tare da batura biyu.

Gwajin da ya buɗe wa na'urar ƙofa an buga shi a 2001. Majiyyata 129 ne da ba za a iya yi musu dashe ba. Bayan shekara ɗaya, kashi 52 cikin 100 na masu famfo suna raye, na masu magani kaɗai kuwa kashi 25. Famfunan wancan zamani manya ne, suna kwaikwayon bugun zuciya, suna kuma saurin lalacewa. Sai injiniyoyi suka bar kwaikwayo, suka koma ga farfela mai juyawa ba tsayawa. Wanda aka fi dasawa a yau, HeartMate 3, nauyinsa kimanin giram 200 ne. Farfelarsa tana shawagi a tsakiyar jini bisa ƙarfin maganaɗisu, ba ta gogar komai, tana juyi dubbai a minti, tana iya tura har lita 10. Rahoton 2022 ya nuna kimanin kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka sa wa shi sun kai shekara 5. Wani takwaransa mai suna HVAD an janye shi daga kasuwa a 2021 saboda yawan shanyewar ɓarin jiki da kuma ƙin tashi bayan tsayawa.

Da yake jinin yana kwarara ne kamar ruwan famfo maimakon tunkuɗa, yawancin masu wannan na'ura ba a jin bugun jijiya a wuyan hannunsu. Tsohon mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney ya zauna haka daga 2010 har aka yi masa dashe a 2012. A ƙasar da ake tabbatar da mutuwa da taɓa jijiya, a kuma gaggauta sutura, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Mai irin wannan na'ura idan ya suma, kunne ake karawa a ƙirjinsa a saurari gunjin injin.

Gada ce, amma zuwa ina?

Likitoci suna kiran famfon gada, kuma gaɓar da take kaiwa iri biyu ce. Ta farko dashe. Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, domin ƙoda biyu ce, ɗan'uwa mai rai yana iya ba da ɗaya. Zuciya kuwa sai daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu alhali inji yana riƙe da numfashinsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa, amma tsarin da zai gano irin wannan mamaci, ya nemi yardar danginsa, ya kai zuciyar ga mai buƙata cikin awa 4 zuwa 6, bai kafu a Nijeriya ba. Wannan gaɓa a rufe take ga wanda ba zai iya fita waje ba.

Gaɓa ta biyu ita ce farfaɗowa, irin ta matar da DeBakey ya yi wa aiki. Magdi Yacoub, likitan nan ɗan Masar wanda ya shiga aikin buɗe zuciya na farko a Nijeriya, a Inugu a 1974, yana cikin waɗanda suka ɗaukaka wannan ra'ayi. A 2006 shi da abokan aikinsa na asibitin Harefield a Ingila suka ba da labarin majiyyata 15 da aka haɗa musu famfo da magani, 11 daga cikinsu zuciyarsu ta warke har aka cire famfon. A nan ne zancen ya taɓo mai jego kai tsaye, domin ciwonta yana cikin 'yan kaɗan da tsokar zuciya kan iya komawa daidai idan ta sami hutu. Ita yarinya ce, ƙodarta da hantarta da jijiyoyinta lafiya lau, abin da take nema watanni ne kawai. Da a ce ana raba na'urar bisa cancanta, da matan Arewa maso Yamma suna sahun gaba.

A ɗauki misalin wata mai jego 'yar shekara 19 a wani ƙauye na Bunguɗu, wadda haki ya hana ta barci mako 6 bayan haihuwa. A ce an kai ta Gusau, an ɗauki hoton zuciyarta an ga kashi 20 take fitarwa, magani kuma ya kasa. A ce har an sami mai biyan kuɗin, wanda a Amurka yakan haura dala 100,000, an fita da ita an dasa famfon, ta dawo. Daga ranar, ranta yana rataye da wutar lantarki. Batura biyu sukan yi mata awa 17 idan sun cika, da dare kuma a jona ta da bango. A garin da wuta kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, dole sai sola ko janareto, da wani na ajiya a bayansa. Inda waya ta huda fata ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta, sai an wanke an sauya bandeji da kayan da aka tsarkake, ga ƙurar hunturu, ga gumin bazara. Ba za ta shiga ruwa ba, balle wankan jego. Kullum za ta sha wafarin domin kada jini ya daskare a cikin famfon, kuma maganin yana buƙatar awon jini a kai a kai, domin idan ya yi kaɗan gudan jini zai toshe injin ko ya tafi ƙwaƙwalwa, idan ya yi yawa jini zai ɓalle a hanji. Ranar da 'yar kwamfutar ta yi ƙara da tsakar dare, ana son ta isa ga wanda ya san na'urar cikin gaggawa. Mutumin Tsafe ya san abin da tafiyar dare a hanyar Funtuwa zuwa Zariya ta zama a shekarun nan na 'yan bindiga. Ashe dai famfon shi kaɗai bai isa ba, sai da wuta da hanya da ɗakin awo da ma'aikata a bayansa, ɗaya ya faɗi, sauran sun tashi banza.

Na gajeren zango sun fi kusa da yiwuwa, domin majiyyaciya ba ta barin asibiti da su, kuma duk asibitin koyarwa da ke aikin buɗe zuciya ya riga ya mallaki rabin ilimin da ekmo ke bukata. Amma ko su sai an kawo ta da sauran numfashi.

Alƙaluman da suka fi tayar da hankali ba su shafi na'ura ba. A wani bincike na Amurka da Kanada da aka buga a 2015, cikin mata 100 masu wannan ciwo, kashi 72 zuciyarsu ta warke a shekara ɗaya, 'yan kaɗan ne suka kai ga famfo ko dashe. A binciken Karaye, cikin mata 244 da aka bi sawunsu, waɗanda suka warke ba su kai kashi 25 cikin 100 ba, kusan kashi 19 kuma suka rasu. Masu ƙasa da shekara 20 sun fi shiga haɗari, waɗanda kuwa suka dage da shan maganin rage gudun zuciya sun fi tsira. Tazarar da ke tsakanin 72 da 25 ba famfo ya haifar da ita ba, saurin ganowa ne da ɗorewar shan magani. Akwai ma wata ƙaramar na'ura da ta dace da aljihun malamar asibiti a Tsafe: abin sauraron ƙirji mai kwamfuta, wanda aka gwada a kan mata kusan 1,200 a asibitocin Nijeriya, rahoton 2024 ya nuna ya ninka yawan masu raunin zuciya da ake ganowa.

Binciken na Karaye ya kuma nuna cewa mafi yawan mace-macen sun auku ne tsakanin wata na 3 da na 6 bayan gano ciwon. A lissafin gida, wannan lokaci ne da arba'in ta daɗe da wucewa. An sauke tukunyar wanka, mai wankan gida ta koma ɗakin mijinta, ta ɗauki taɓarya da guga, tsofaffin da ke lura da ita safe da yamma sun koma harkokinsu. Kumburin ya saɓe da maganin fitsarin da aka ba ta a Gusau, saboda haka kowa ya ɗauka ta warke, kuɗin mota da na magani kuma aka juya su ga wata buƙata. Ɗakin hagu kuwa yana nan a sake, yana fitar da kashi 20.